Charles Kettering: Ɗan Ƙauyen Da Ya Raba Direbobi Da Handil

 A wannan makon tarihin wani Ba'amurke na kawo mana, wanda ya mutu shekara sittin da wani abu da suka wuce. Na tabbata a cikin direbobi goma da ke lodi a tashar Wudil da wuya a sami ɗaya da ya taɓa jin sunansa. Amma duk safiya, kowannensu in ya murɗa makulli mota ta amsa, gumin mutumin nan yake ci. In kuma ta ƙi amsawa, ta yi 'yar ƙara ƙas-ƙas ta yi shiru, aka shiga kiran yara su zo a tura, to wani abu ne ya tsinke a cikin tsarin da shi ya fara haɗa shi wuri ɗaya. Sunansa Charles Franklin Kettering.

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1876, a wata gona kusa da garin Loudonville da ke jihar Ohio a Amurka. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Gidan manoma ne, babu lantarki, karatun dare da fitilar kananzir ake yin sa. Duk wanda ya tashi a Kausani ko ƙauyukan da ke kewaye da Wudil ba sai an yi masa dogon bayanin irin wannan rayuwa ba. Matsalarsa babba ita ce ido. Tun yana yaro ganinsa ba shi da ƙarfi, in ya daɗe a kan littafi sai ciwon kai ya sarƙe shi, ga shi kuma da son karatu kamar me.

Da ya gama sakandare sai ya zama malamin makarantar ƙauye, yana koyarwa yana tara 'yan kuɗinsa. A 1898 ya shiga Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus, amma bai yi nisa ba ido ya ce bai san zance ba. Dole ya ajiye karatu ya nemi aikin da ba na littafi ba. Ya shiga ayarin masu kafa turakun wayar tarho, ana haƙa rami ana jan waya a rana, har ya zama shugaban ayarin.

A ganina a nan ne aka ƙera Kettering na gaskiya, ba a aji ba. Layin tarho mai tsawon kilomita da yawa in ya mutu, wuta ba ta faɗa maka inda ta tsaya. Ba ka ganin ta, ba ka jin ƙanshinta. Ko dai ka bi turaku ɗaya bayan ɗaya kana lalube har rana ta faɗi, ko ka ɗauki na'urar awo ka auna nan, ka auna can, ka yi ta matse wurin har laifin ya rasa maɓoya. Mutumin da idonsa ba ya gani sosai ba shi da zaɓi sai hanya ta biyu. Iska da aikin ƙarfi kuma suka taimaki idon, ya koma jami'a, wani abokin karatunsa yana karanta masa darasi da baki yana haddacewa. Ya kammala digirin injiniyan lantarki a 1904, yana da shekara 27. Wanda yajin aiki ko rashin kuɗin rajista ya mayar da shi baya, sa'o'insa suka wuce suka bar shi, ya riƙe wannan lissafin a ransa.

Aikinsa na farko a birnin Dayton ne, a kamfanin National Cash Register, masu ƙera akwatin lissafin kuɗi na kantuna. A lokacin akwatin da hannu ake juya shi: mai kanti ya danna farashi, ya wana wani ɗan handil, aljihun kuɗi ya buɗe. Aka ce a sa masa lantarki. Lissafin da injiniyoyi suka saba da shi yana nuna cewa injin lantarkin da zai iya wannan aiki sai ya kusa kai girman akwatin kansa. Kettering ya kalli abin ta wata fuskar. Akwatin ba yini yake yana juyawa ba, juyi ɗaya yake yi ya huta. Ƙaramin inji zai iya ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa na ɗan lokaci, muddin za a bar shi ya huce kafin a sake ɗora masa. A 1906 akwatin mai lantarki ya fito. Ku riƙe wannan dabara, don ita ce za ta dawo a cikin mota.

A kamfanin ya shaƙu da wani babban ma'aikaci mai suna Edward Deeds, wanda yake da sha'awar motoci. Bayan an tashi daga aiki, su da wasu abokansu sai su taru a wani rumbun ajiya da ke bayan gidan Deeds, su yi ta gwaje-gwaje har dare ya raba. Abin da suka fara sa wa gaba shi ne wutar da ke kunna mai a cikin inji. Motocin zamanin ko dai da maganeto suke aiki, wanda wutarsa ke rauni in inji na juyawa a hankali, ko da busassun batura masu saurin ƙarewa. Kettering ya tsara hanyar da batir zai ba kwayil wuta, kwantak ya riƙa yankewa yana haɗawa, kwayil ya ɗaga wutar zuwa dubban bolt, distiributa ya raba ta ga filogi kowanne a kan lokacinsa, tartsatsi ɗaya mai ƙarfi ba tare da an zuƙe batir ba. Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya gwada ya gamsu, ya yi odar dubbai. A 1909 Kettering ya bar aikinsa, shi da Deeds suka kafa Dayton Engineering Laboratories Company, wanda aka taƙaita sunansa zuwa Delco.

Wannan tsari ya yi shekara sittin da ɗoriya yana mulki a motocin fetur na duniya, sai a wajen shekarun 1970 na'urorin zamani suka fara ture shi. Tsofaffin makanikanmu da suka yi zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, in suna hirar goge kwantak da daidaita tazararsa da canza kwandansa, aikin Kettering suke faɗa ko da ba su san sunansa ba.

Sai dai har zuwa lokacin, mota da hannu ake tayar da ita. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana tayar da tsohon injin niƙa ya san yadda abin yake: ƙato ya cusa handil, ya tattara ƙarfi ya yi ta wanawa har inji ya kama. Haka direba yake yi a gaban motarsa. In inji ya yi tutsu ya buga baya, handil ɗin ya dawo da ƙarfi, sai karaya a hannu ko a haƙarƙari. Labarin da ake bayarwa shi ne, wani mai ƙera motoci a Detroit, Byron Carter, ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan gada, handil ya dawo ya fasa masa muƙamuƙi, jinyar ta rikice. Carter dai ya mutu a 1908, kuma Leland ya ƙudurta cewa motar Cadillac sai ta rabu da handil. Injiniyoyinsa suka gwada, abin da suka ƙera ya yi girman da ba zai shiga mota ba. Wasu ma sun gwada kafin su, da iska, da sifirin, da lantarkin kansa, babu wanda ya karɓu a kasuwa. Leland ya tuna da mutumin Dayton.

Kettering ya ɗauko dabarar akwatin kuɗi. Tayar da inji aikin daƙiƙa biyu ko uku ne, don haka ƙaramin injin lantarki ya isa, in dai batir zai iya sakar masa wuta mai yawa a lokaci guda. Amma nan take wata tambayar ta taso: batirin da aka zuƙe haka, wa zai mayar masa? A nan ne gwanintar take. Ya ƙera na'ura ɗaya mai aiki biyu. Da farko ita ce ke juya inji. Da inji ya kama sai ta koma dainamo, injin yana juya ta tana mayar wa batir abin da ya bayar, tana kuma ba fitilu da filogi wuta. Batura huɗu ya sa masu bolt 6 kowanne. Lokacin tayarwa sai su haɗu a jere su ba da bolt 24, bayan nan su koma bolt 6. Ya kuma sa abin da zai hana caji ya yi yawa ya dafa batir.

A watan Fabrairun 1911 aka gwada shi a motar Cadillac ya yi aiki. Masu rubuta tarihinsa sun kawo cewa a tsakanin nan ya karye a ƙafa a haɗari da motar gwaji, yana kwance sai ga labarin gobara ta taɓa motar da aka ɗaura wa na'urar a Detroit. Ya ɗauki sanduna ya tafi ya gyara ta. Leland ya yi odar guda 12,000 don motocin 1912. A 1913 Cadillac ta karɓi kofin Dewar na Ingila saboda wannan tsari, a 1915 aka ba Kettering takardar mallakar ƙirƙirar, zuwa 1919 har Ford ya fara sa wa motarsa ta talakawa. Mata da dattawa, waɗanda handil ya hana tuƙi, suka shiga mota. Wani abin mamaki, motoci masu tafiya da batir zalla, waɗanda ke da kasuwa a lokacin saboda ba sa buƙatar handil, wannan ƙirƙira tana cikin abin da ya durƙusar da su. Yau kuma su ake ta yayi.

Bari in ɗan tsaya a nan, don abin da ya haɗa a 1911 shi ne har gobe yake ƙarƙashin bonet. An raba na'urar gida biyu, kik daban, mai caji daban. An koma bolt 12 a shekarun 1950. Altaneta ta maye gurbin dainamo daga 1960, bayan mutuwarsa. Amma zagayen bai canza ba: batir ya ba kik, kik ya juya inji, inji ya juya altaneta ta hanyar bel, altaneta ta biya batir bashinsa. Kamar adashi ne, in mutum ɗaya ya daina zubi kowa sai ya ji a jikinsa, kuma wanda ake fara gani hannu wayam shi ne batir. Shi ya sa kullum shi ake zargi.

Ga abin da ke faruwa a garejinmu. Mota ta ƙi tashi da safe, mai ita ya ce batir ya mutu, ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo sabo da kuɗin da ya sha wuya kafin ya tara. Bayan kwana huɗu sabon ma ya kwanta. Sai a ce ai jabu aka sayar masa, a koma a yi ta rigima da mai shago. Alhali tun farko batirin ba shi da laifi. Ko dai ba a biyan sa, ko kuma wani abu na satar masa wuta da dare. Mitar awo, wadda kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir ba, za ta raba wannan gardama cikin minti biyar. Batir mai lafiya da ya cika, mota a kashe, yana nuna wajen bolt 12.6. In ya sauko kusa da 12.0, ya zube sosai. A tayar da mota a sake aunawa: in altaneta na aiki za a ga tsakanin 13.5 da 14.5 ko kusa da haka. In lambar ba ta motsa daga 12 ba, caji ne babu, sai a duba bel, a duba wayoyi, a duba altanetar. In ta haura 15, caji ya yi yawa, batirin dahuwa yake yi. Kafin duk wannan ma, a kalli kan batir. Sau da yawa farin garin nan da ke taruwa a kai, ko kan da ya yi sako-sako, shi ne duk ciwon, domin kik na jan amfiya fiye da ɗari a lokaci guda, kuma irin wannan wuta ba ta bi ta ƙazamin haɗi.

Ita kuwa satar dare, hanyar kama ta irin ta mai bin layin tarho ce sak. A kashe komai, a cire makulli, a rufe ƙofofi, a ba motar ɗan lokaci kwamfutocinta su yi barci. A cire kan batir mai alamar ragi, a sa mita tsakaninsa da wayarsa. Mota mai lafiya abin da take sha a kashe kaɗan ne, galibi bai wuce miliamfiya 50 ba. In an ga ya ninka haka, sai a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya ana kallon mita. Wanda aka zare lambar ta faɗi, ɓarawon a layinsa yake. Yawanci ba wani abin a zo a gani ba ne: fitilar but da ba ta mutuwa, rediyo ko amfilifaya da aka ɗaura kai tsaye a batir, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka bari a soke, ko altanetar kanta in wani abu ya ƙone a cikinta. Ƙara da zafin Kano na watan Maris da Afrilu, wanda ke cin batir fiye da yadda sanyi ke yi, da gajerun tafiye-tafiye da ba sa ba altaneta lokacin biyan bashi.

Akwai wata al'ada da nake roƙon 'yan'uwanmu masu koyon gyaran wutar mota, riwaya kamar yadda muke ce musu, su bari. Wato a cire kan batir mota na aiki, wai in ba ta mutu ba altaneta lafiya lau. A zamanin motar da ba ta da kwamfuta an sha yin haka an kwana lafiya. Motar yau kuwa batir ne ke tare mata hauhawar wuta. Ka cire shi, wutar ta yi tsalle, ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, gyaran dubu biyu ya koma na dubu ɗari.

Fitilun gaban direba ma haka ake yi musu gurguwar fahimta. Jar fitila mai hoton batir in ta kama ana cikin tafiya, ba cewa take batir ya lalace ba. Cewa take caji ya tsaya, motar da guzurin batir kawai take tafiya, in ya ƙare za ta mutu ko a tsakiyar gadar Wudil ne. Mai hoton butar mai in ta kama, wannan tsayawa ake yi nan take a kashe inji. Ta cek kuwa, mai ruwan ɗorawa, tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can su zo da wata kafa mai ramuka 16 a kusa da sitiyari, inda za a soka na'ura ta karanto lambar abin da kwamfuta ta gani. Yawancin tokumbo ɗinmu suna da ita. Sai dai lambar unguwa take nuna maka, ba gida ba. In ta ambaci wata na'ura, mai yiwuwa wayarta ce ɓera ya ci. Mai gyaran da ya karanta lamba ya ce a sayo sabuwa ba tare da ya auna ba, lalube yake yi da kayan zamani. Wanda ya fi shi laifi shi ne dillalin da ke cire ƙwan fitilar ko ya liƙe ta da baƙin salatif kafin ya sayar da mota. Mai saye ya lura: in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun nan duk ya kamata su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, a tambayi dalili.

Mu koma kan mutuminmu. Abin da ma'aikatansa suka fi saninsa da shi ke nan, ƙin yarda da zato. Ra'ayinsa shi ne inji ne alƙali, ba littafi ko muƙamin mai magana ba. A gwada, a auna, abin da ya nuna shi ne gaskiya. Bai manta ƙauye ba kuma. A 1916 ya fito da Delco-Light, ƙaramin janareta haɗe da batura don gidajen gona da wutar gwamnati ba ta kai ba. A shekarar aka sayar da Delco, kamfanin ya ƙare a hannun General Motors, kuma daga 1920 har 1947 Kettering ne shugaban sashen bincikensu. A ƙarƙashinsa aka samu fentin mota mai bushewa cikin sa'o'i maimakon makonni, aka kuma gyara injin dizal har ya kori jirgin ƙasa mai gawayi daga layin dogon Amurka, aikin da ɗansa tilo, Eugene, ya taka rawa a ciki. Ya sha ƙasa ma. A 1923 ya dage a kan wani injin Chevrolet da iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Motocin suka riƙa zafi, kamfani ya janye su, ran Kettering ya ɓaci har ya nemi ajiye aiki, aka lallashe shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a yi tafi a tashi. Amma akwai batun dalma.

Injinan lokacin suna da wata cuta: in aka matsa musu sai su riƙa ƙarar ƙwas-ƙwas daga ciki, ƙarfi ya ragu. Ba bugawar inji da muka sani ba, wadda rashin baƙin mai ke jawowa. Wannan fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba. Masu sayar da maganeto suka ce wutar Kettering ce ke jawo ta. Shi kuwa ya ce daga mai ne, ya sa wani matashin injiniya, Thomas Midgley, ya bincika. Suka yi shekaru suna zuba sinadarai iri-iri a fetur suna sauraron inji. A watan Disambar 1921 suka dace da wani sinadarin dalma wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe ƙarar. A Fabrairun 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Dayton. Sunan da suka sa masa shi ne Ethyl, babu kalmar dalma a ciki. A 1924 General Motors da Standard Oil suka kafa kamfani na musamman don wannan kasuwa, Kettering ne shugabansa na farko.

Ba wai ba a san dalma guba ba ce. An sani tun zamanin da. Midgley kansa sai da ya tafi hutun jinya a 1923 saboda ta taɓa shi. A watan Oktoban 1924, a matatar Bayway da ke jihar New Jersey, ma'aikata biyar suka haukace suka mutu, wasu gommai aka kwantar da su a asibiti. An yi mace-mace a wasu masana'antun ma, har da Dayton. Masana lafiya irin su Yandell Henderson na Jami'ar Yale da Alice Hamilton ta Harvard suka yi gargaɗi cewa abin da zai fito ta salansa zai taru a iska da ƙasa da jinin mutane a hankali. Aka dakatar da sayarwa a 1925, hukuma ta kafa kwamiti, ya yi ɗan gajeren bincike, a 1926 aka ci gaba da kasuwa. Kettering ya tsaya kai da fata yana kare hajarsa. Kuma shi da Midgley sun san cewa sinadarin ethanol, wanda ake samu daga amfanin gona, shi ma yana kashe ƙarar in aka gauraya shi da yawa. Bambancin, wannan ba wanda zai mallake shi shi kaɗai. Dalmar kuwa kowane galan da aka sayar akwai kason kamfani.

A nan ne nake ganin mutumin ya saɓa wa kansa. Wanda ya yi suna da cewa a bar awo ya yi hukunci, da fitilar gargaɗi ta kama ja a gabansa, gawa biyar a masana'anta ɗaya, bai tsaya ya bi layin ba. Abin da dillalin mota ke yi da salatif, shi ya yi. Masu kare shi za su ce ilimin zamanin bai kai ya auna illar ƙanƙanuwar dalma a jikin yara ba, kuma fetur ɗin ya ba injina ƙarfi, har jiragen yaƙi sun amfana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma an faɗa masa, kuma masu faɗar ba 'yan tasha ba ne. Mu a Arewa ba ma buƙatar a fassara mana aikin dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara aƙalla 400 ta kashe ta hanyar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Wanda ya tsira kuma sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu har abada. Batirin mota ma cikinsa dalma ce da ruwan asid, shi ya sa in na ga yara a wurin 'yan gwangwan suna fasa tsohon batir da hannu babu safa, gabana yake faɗuwa.

Ba dalma kaɗai ba. Shi ne kuma ya sa Midgley neman iskar sanyaya firji da ba ta kama wuta ba ta kashe mutum, suka fito da Freon a wajen 1930. Wannan kam babu wanda ya san illarsa a lokacin; sai a shekarun 1970 aka gano yana cin rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana, a 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal don a daina shi.

Kettering ya yi arziki, ya kuma bayar. A 1945 shi da shugaban General Motors, Alfred Sloan, aka kafa cibiyar binciken cutar daji ta Sloan-Kettering a New York, wadda har yau tana cikin manya a duniya. Shekara ɗaya bayan haka matarsa Olive, wadda ya aura a 1905, ta mutu da cutar. Ya yi ritaya a 1947 amma bai bar ɗakin gwaji ba. Ya mutu ranar 25 ga Nuwamba, 1958, yana da shekara 82, da takardun mallakar ƙirƙira 186 da sunansa. Garin da ya zauna a gefen Dayton sunansa yake amsawa, haka wata jami'a a birnin Flint na jihar Michigan.

Fetur ɗinsa ya daɗe bayansa. Sai a 1965 wani masani, Clair Patterson, ya nuna da awo irin dalmar da ta taru a jikin mutanen zamani, kuma ya sha matsin lamba a kan haka. Amurka ta fara rage ta a shekarun 1970, ta haramta ta a motocin titi a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya da Nijar, sun rabu da ita zuwa farkon 2006, wato iyayenmu da yayyenmu sun shaƙe ta a tashoshin Kano. Aljeriya ce ta ƙarshe. A watan Agustan 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa babu sauran gidan mai a duniya da ke sayar wa mota fetur mai dalma, shekara 98 bayan galan na farko da aka zuba a Dayton.